Tallar Aiki Ma'auni Ce? Muhawara Daga Mafara, Bakura da Maradun

A watan Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ayyukan wucin gadi na mutum 774,000. Lissafin ba shi da wuya. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, aka ba kowace gurbi 1,000, a riƙa biyan mutum naira 20,000 a wata har tsawon wata uku. A jihar Zamfara, Talata Mafara ta samu dubu, Bakura dubu, Maradun dubu. Duk wanda ke zaune a ofis yana ƙirga guraben aikin da aka shelanta zai rubuta cewa buƙatar ma'aikata ta ƙaru da 3,000 a yankin, kuma daidai wa daida a garuruwan uku. Alhali ba sai da aka leƙa kasuwar Mafara ko gonakin shinkafar Bakura aka ga inda hannu ya gaza ba sannan aka yanka adadin. A Abuja aka yanka shi, da alƙalami.

Tambayar da masana tattalin arziki suka daɗe suna ja-in-ja a kanta ke nan: yawan tallar neman ma'aikata, hawanta da saukarta, yana nuna yawan hannun da ake buƙata da gaske? Ko kuwa wani abu dabam yake aunawa?

Masu cewa yana nunawa ba daga sama suka tsinto ra'ayin ba. Tun daga 1951 wata cibiyar bincike a Amurka mai suna Conference Board ta riƙa ƙirga tallace-tallacen neman ma'aikata da ke fitowa a manyan jaridu 51 na birane 51, tana fitar da sakamakon duk wata. Hikimar a bayyane take. Mai kamfani sai ya buga talla kafin ya ɗauki mutum, kuma in kasuwa ta fara ja baya, tallar yake fara dainawa kafin ya kai ga sallamar waɗanda ke hannunsa. Saboda haka talla takan riga sauran alƙaluma motsawa. Kafin wannan ma, a 1944, wani masani ɗan Ingila, William Beveridge, ya ce ba za a yi iƙirarin aiki ya wadata a ƙasa ba sai guraben da ke jiran mutane sun fi mutanen da ke jiran gurabe yawa. An ga irin haka a Amurka a watan Maris na 2022, lokacin da guraben da ba a cike ba suka kai wajen miliyan 12, kusan biyu ga kowane mai neman aiki ɗaya. Albashi ya yi ta hawa, kuma a wannan watan ne babban bankin ƙasar ya fara ƙara kuɗin ruwa. A Ingila kuwa, da annobar korona ta tsayar da komai a 2020, hukumar ƙididdigar ƙasar ta koma duba tallace-tallacen da ke dandalin Adzuna mako-mako, domin alƙaluman da ta saba fitarwa sun yi nawa a lokacin da ake son labari da ɗuminsa.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da gida. In ba a dogara da talla ba, da me za a dogara? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Daga nan aka ji shiru fiye da shekara biyu. Da ta dawo a 2023, sai ta zo da sabuwar hanyar lissafi wadda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya koma kashi 4.1. Ba wai ƙarya aka yi ba, ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya aka bi, amma mutumin Bakura da ya ji 33 jiya ya ji 4 yau yana da haƙƙin ya ɗaga gira. Kuma ko ya yarda, adadin bai sauko zuwa ƙaramar hukumarsa ba. Talla kuwa tana zuwa da kwanan wata, da sunan wuri, da irin takardar da ake so. Ƙirga ta ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Tun da wasu ɗalibai uku na jami'ar Ife suka kafa dandalin tallar aiki na intanet mai suna Jobberman a 2009, aka rage dogaro da jaridar Guardian ta ranar Talata, wadda masu neman aiki a da ke rububin saye, mutum ɗaya da waya a hannu zai iya tattara tallar shekara guda.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ko masu adawa ba su cika musanta ta ba. Talla ba yawa kaɗai take nunawa ba, tana nuna iri. Wanda ya bi diddigin sanarwar ɗaukar ma'aikata da ta shafi Zamfara a 'yan shekarun nan zai tarar abu uku ne ke yawan dawowa. Akwai aikin lafiya, musamman daga ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF, waɗanda suka shigo jihar a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, kuma suke aiki a babban asibitin Talata Mafara kan yara masu fama da tamowa. Akwai aikin tsaro, irin Askarawan Zamfara fiye da 2,600 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024. Sai koyarwa, bayan dokar ta-ɓaci da gwamnatinsa ta sa kan ilimi a ƙarshen 2023. Ciwo, tsaro, makaranta: wa zai ce wannan ba hoton jihar ba ne? Ga ɗalibin kwalejin fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara, ko na jami'ar jiha da aka kafa a garin a 2018, ko na kwalejin aikin gona ta Bakura, wannan labari ne mai amfani. Yarinyar da ke shawarar abin da za ta karanta, in ta ga tallar ungozoma da ma'aikaciyar jinya tana fitowa ana sake maimaita ta, ta samu amsar da babu wani jami'in ƙididdiga da zai ba ta. Tallar da aka buga sau uku ba a cike gurbin ba ta fi kowace magana.

To, sai masu cewa a'a. Su kuma daga gona suke fara tasu.

Hukumar ƙididdigar da aka ambata ita da kanta ta ce fiye da kashi 92 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna aikin da ba ya cikin rajistar hukuma ne, kuma masu karɓar albashi daga hannun wani ba su kai kashi 15 ba. Wannan fa da Legas da Abuja a ciki. Ina ga Maradun? Babban mai ɗaukar ma'aikata a waɗannan ƙananan hukumomi uku ba sakatariya ba ce, ba kuma asibiti ba. Madatsar ruwa ta Bakolori ce, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta don shayar da kadada 23,000. Tarihinta da ɗaci, domin an tashi garuruwa, an ƙwace gonaki, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta a Birnin Tudu da kewaye. Amma yau a bakin magudanan ruwanta ne dubban mutane ke samun na cefane.

A duba yadda ake ɗaukar mutum a can. Lokacin dashen shinkafa mai gona yana son hannu da yawa cikin 'yan kwanaki, domin iri ba ya jira. Ba takarda yake bugawa ba. Da dare zai aika yaro, ko ya buga waya ga wanda ya saba haɗa masa 'yan ƙwadago, ko ya tsaya bayan sallar asuba ya yi magana da mutum biyu, su kuma su kira nasu. A yi ciniki, ko na yini ko na jinga, a faɗi ko da abinci ko babu. Bayan dashe ga cirar ciyawa, ga ban ruwa, ga yara masu korar jan-baki in shinkafa ta fara nuna. Sai yanka, sai bugu, sai shiƙa, sai 'yan dako su kai buhu bakin hanya, sai mata su turara su shanya, sai mai injin casa ya karɓa. Kowane mataki aiki ne, kowane aiki da kuɗinsa, kuma daga farkon kaka zuwa ƙarshen noman rani ba layi ɗaya da ya shiga jarida ko intanet. Haka abin yake a garejin kanikawa da shagon tela da wurin walda, inda uba ke kama hannun ɗansa ya kai wa maigida ya ce ga amana nan. Haka yake ranar Talata a kasuwar Mafara, inda dillalai da 'yan awo da masu tura baro ke cika ko raguwa gwargwadon kayan da suka shigo.

Kuma ba sabon abu ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 aka yi wani ƙirge, wanda masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarinsa, na mutanen da ke fita daga lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa a lokacin, aka samu fiye da rubu'in miliyan. 'Yan cin rani ne, wasu har ƙasar da ake kira Gana a yau suke kaiwa. Wa ya buga musu talla? Wanda ya dawo bara ne ya faɗa wa wanda zai tafi bana inda aiki yake da abin da ake biya. Yau waya ce ta gaji wannan aiki, amma hanyar ba ta sake ba.

Masu wannan ra'ayi suna da shekarar da suke cewa a gwada ma'aunin da ita, wato 2021. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a Kaya, cikin Maradun. A kwanakin ne gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. In ana neman lokacin da buƙatar hannu ta faɗi warwas a yankin, wannan ne. Ɗan dako ba kaya, dillali ba dabba, ɗan acaba ba mai, mai POS da mai sayar da katin waya sun rufe rumfa. Mai ƙirga talla daga nesa me zai gani? Abin da dama can bai taka kara ya karya ba, ko ya ragu ba a gane raguwarsa. Har ma ana iya samun akasi, domin lokacin da mutane ke gudun hijira, yunwa ke ƙaruwa, lokacin ne ƙungiyoyin agaji ke neman ƙarin ma'aikata. Sai talla ta hau a daidai sa'ar da ƙasa ke durƙushewa. Haka batun zinare: gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. Matasa nawa suka bar rami, nawa suka ci gaba a ɓoye, nawa suka koma bayan ɗagewar? Ko ɗaya daga cikin wannan motsi bai bi ta allon sanarwa ba.

Ko a ɗan yankin da talla ta shafa, wato aikin gwamnati, akwai abin dubawa. Gwamnati ba kamfani ba ce da ke ɗaukar mutum don ciniki ya ƙaru. Tana ɗauka in baitulmali ya yi nauyi, ko zaɓe ya ƙarato, tana dainawa in aka sa takunkumi, kamar wanda gwamnatin tarayya ta sa a 2020. Makarantar da ke da malami ɗaya ga aji uku tana buƙatar malamai ko an buga talla ko ba a buga ba. Sannan ba kowane gurbi ake tallatawa ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ita ce a buga guraben aiki a jaridun ƙasa, amma ma'aikatu kan nemi a ɗauke musu wannan sharaɗi, kuma kwamitin majalisar wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta a 2023 ya saurari shaida kan yadda ake sayar da gurabe da kuɗi. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga yadda mulki ke tafiya. Ahmad Sani Yarima na Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023: shekara 20 cikin 24 na farkon wannan jamhuriya, kujerar tana yawo tsakanin garuruwan nan uku. Ba zargi ake ɗora wa kowa ba. Amma a tambayi matashin da ya gama bautar ƙasa abin da yake jira, da wuya ya ce talla. Hanya zai ce.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi muni. Kamar yadda ake samun albashi ba ma'aikaci, irin sunayen bogi fiye da 2,000 da tantancewar gwamnatin jihar ta bankaɗo a farkon 2025, haka ake samun talla ba aiki. Wata ta 'yan damfara ce masu cewa a tura kuɗin fom. Wata an riga an raba guraben, don cika sharaɗi kawai aka buga ta. Wata kuma guda ɗaya ce tilo, amma ta zaga zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook har ta zama kamar hamsin, kuma in an karanta da kyau, Zamfarar da aka rubuta Gusau ake nufi.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Cunkoson matasa a shagon intanet ranar da aka buɗe shafin 'yan sanda ko na kwastan ba buƙatar ma'aikata yake nunawa ba, yawan masu nema yake nunawa. A watan Maris na 2014 fiye da mutum rabin miliyan suka biya naira 1,000 kowanne don guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, aka rasa rayuka fiye da goma a turmutsutsu. A 2020 fiye da mutum miliyan 5 suka nemi shiga shirin gwamnati na ɗaukar matasa aiki mai suna N-Power. Waɗannan alƙaluma na yunwar aiki ne, ba na yalwarsa ba.

Su ma Amurkawan da suka ƙirƙiro ma'aunin sai da ya yaudare su. Da dandalin Craigslist da makamantansa suka janye talla daga jaridu, ƙirgen jaridu ya yi ta sauka ba don aiki ya ragu ba, har aka daina shi a 2008. A 2016 kuma wasu masana a babban bankin ƙasar suka nuna cewa raguwar da aka gani a tallar intanet tana da nasaba da ƙarin kuɗin buga talla da Craigslist ya yi. Ashe tsadar tallar kanta tana shiga cikin awon.

Masu goyon baya ba su rasa ta cewa ba. Sun ce babu ma'aunin da ya cika, kuma ƙanƙantar aikin albashi ba ta rage masa muhimmanci ba, tunda shi ne abin da masu difloma da digiri ke jira, kuma yawansu ƙaruwa yake kowace shekara. Sun ƙara da cewa in ana ɓoye gurabe, maganin shi ne a tilasta tallatawa, ba a yi watsi da ƙirga ta ba. A wannan suna da gaskiya, kuma gaskiya mai amfani: in aka kwatanta guraben da wata ma'aikata ta tallata da sababbin sunayen da suka hau takardar albashinta, tazarar da ke tsakani labari ce da 'yan jarida da 'yan majalisa ya kamata su bi. Amma wannan awon adalci ne, ba awon kasuwa ba. Inda suka yi rauni shi ne da suka ɗauka abin da ya yi aiki a ƙasar da kusan kowa ke karɓar albashi zai yi a inda mai albashi ke da wuyar gani. Wanda ya ɗebi tiya ɗaya daga bakin buhu zai iya faɗin irin hatsin da ke sama, amma ba zai faɗi nauyin buhun ba, balle in na ƙasan dabam ne.

In ana son sanin ko ana neman hannu a Mafara da Bakura da Maradun, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kuɗin ƙwadago. Nawa ake biyan yinin dashe bana, nawa aka biya bara? Mai gona ne ke bin 'yan ƙwadago yana lallashi, ko su ne ke tsaye a ƙofar gidansa? Kadada nawa ruwa ya kai a noman ranin nan? Motoci nawa ke tashi daga tasha cike da 'yan cin rani bayan girbi? Indiya ta daɗe tana yin irin wannan: hukumar ƙwadagonta na tattara kuɗin yinin shuka da cira da girbi daga ɗaruruwan ƙauyuka, tana fitarwa wata-wata. A Bakolori ma akwai inda za a rataya aikin. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 don gyara magudanan ruwa ya ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda suka san gonaki da masu su. Ƙara layi ɗaya na kuɗin ƙwadago a littafinsu ba wani nauyi ba ne, kuma ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da na Bakura suna iya tattarawa a matsayin aikin karatu.

Sai dai shi ma wannan ba tsarkakakke ba ne, kuma rashin adalci ne a tsananta wa talla a ƙyale shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, don haka hawan kuɗin yini a naira ba ya nufin komai sai an gwada shi da farashin gero ko masara a kasuwar Mafara a wannan makon. Kuma kuɗin zai iya hawa ba don aiki ya yawaita ba, sai don masu yin sa sun ragu: wasu sun yi hijira, wasu ba za su yarda su shiga gonar da ke nesa da gari ba ko nawa za a ba su. Hawa ɗaya ne a takarda, amma dalili biyu ne masu karo da juna, kuma sai wanda ya san wurin zai bambance su.

Sannan akwai ƙauyukan da mai ƙirge ba zai iya zuwa ba, inda 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, wani lokaci su tilasta wa mutanen gari yin noma a gonakin da suka mamaye ba tare da biya ba. Duk ƙirgen da za a yi a yanzu, na talla ne ko na ƙwadago, zai tsaya ne a garuruwan bakin titi da gonakin da ke kusa da manyan magudanan ruwa, kuma wajibi ne mai fitar da shi ya rubuta sunayen gundumomin da bai shiga ba a shafin farko.